An Auna, Wai Garinmu Ba Rana

Jama'a, ranar Litinin ɗin nan da ta wuce na bar rabin takalmina a kan kwalta. Ba sata aka yi mini ba, ba kuma gudu na yi ba. Ina tsaye ne a layin mai tun hantsi da jarka a hannu, layin ba ya gaba ba ya baya, har azahar ta gota. Da aka ce a matsa sai na ɗaga ƙafa. Ƙafa ta taho, silifas ya ce shi ya samu wurin zama. Na ja da ƙarfi, igiyar ta biyo ni, tafin ya zauna. Kwalta ce ta narke ta riƙe shi, irin riƙon da ma'aikaci ke yi wa kujera idan ritaya ta matso. Haka na tsaya da ƙafa ɗaya, ɗayar na ɗora ta a kan jarka, gumi yana bin gadon bayana har cikin wando.

A daidai lokacin ne mai babur ɗin da ke gabana ya ƙara sautin rediyon wayarsa, don an fara labarai. Sai ga wata murya mai sanyi, muryar mutumin da ya sha ruwan firij kafin ya zauna, tana karanto sanarwa daga Hukumar Binciken Hasken Sama da Makamantansa. Wai bayan nazari mai zurfi na wata shida, hukumar ta gano cewa hasken ranar da ke sauka a garinmu bai kai mizanin da ake bukata ba, don haka an cire asibitinmu daga jerin waɗanda za a sa wa wutar sola. Wai ana ba mu haƙuri, ana kuma yaba mana da haɗin kai.

Mai babur ya ɗaga kai ya dubi sama, ya yi maza ya sauke, idanunsa na zubar da ruwa.

"Malam Tela," ya ce da ni, "to wannan abar da ke soya mana ƙeya, ta wane gari ce?"

"Wataƙila aro aka ba mu," na ce. "Rufa mana asiri, kada su ji su aiko a karɓe."

Ni dai ba na jayayya da masu ilimi. Wane ni? Mutanen da suka yi karatu har gashin kansu ya zube, in sun ce babu rana, to babu ita. Wataƙila sharrin ido ne. Wataƙila kwaltar ce mai son takalmi. Allah ya ƙara wa hukuma basira, ya ƙara mata motoci, tun da ta iya gano abin da mu mazauna garin muka kasa ganowa tun kakanninmu.

Kafin wani ya ce Tela ya sayi mota bai faɗa ba, jarkar nan ba tawa ba ce, ta asibiti ce. Asibitin namu ɗaki uku ne da baranda, da nas guda ɗaya wadda kowa ke kira Sista, da firij guda ɗaya, da wani tsohon janareto mai tari. Wutar da ke zuwa ta waya kuwa, rabonmu da ita an jima, tsuntsaye ne suka gaji wayoyin. To duk mai magani a cikin firij ɗin nan, akwai ranar da gidansu zai shiga layin mai. Litinin tamu ce.

Maganin Inna ne, mahaifiyata. Shekararta goma sha ɗaya da ciwon suga, allura safe da yamma, kuma ruwan allurar nan ba ya shiri da zafi ko kaɗan. Da sanyi gindin randa ya ishe shi. Amma da zarar bazara ta kama, Sista ta ce randar ma kanta neman taimako take, sai firij. In janareto ya yi kwana biyu bai tashi ba, magani ya zama ruwan banza, ka yi allura kamar ba ka yi ba.

Ƙanwata, autarmu, tana aure a birni, a gidan sama hawa na uku, inda suke da wuta iya gwargwado, kuma maƙwabci ba ya sanin maƙwabcinsa ya rasu sai ya ga ana jera kujeru a ƙasa. Shekara uku ke nan tana cewa a ba ta Inna. Inna kuma ta ce ita ba tantabara ba ce da za a kai ta sama a ajiye. A gidan nan ta haife mu, ita ta dasa bishiyar da ke tsakar gida, a ƙarƙashinta take zama tana raba wa matan unguwa faɗa, wani lokaci ma ta haɗa sabo in ta ga kasuwa ta yi sanyi. Da ƙyar aka yi sulhu bara: in sola ta zo kafin bazarar bana ta yi nisa, Inna ta zauna. In ba ta zo ba, Auta ta zo da mota, kuma ba mai cewa uffan. Ni na tsaya shaida, har ina buga ƙirji, don na ga motocin hukuma da idona.

Kun ga ke nan abin da aka karanto a rediyo ba labarin kimiyya ba ne a wurina. Takardar tashin Inna aka karanto.

Bari in koma baya kaɗan, don akwai abin da ban faɗa wa mai babur ba.

Wata bakwai da suka wuce hukumar nan ta zo garinmu. Mota goma sha huɗu na ƙirga, duk don rakiyar wata na'ura da mutum ɗaya zai iya saƙalawa a hammata. Ƙafa uku gare ta irin ta mai ɗaukar hoto, da ɗan akwati a ciki, a samanta kuma wani ɗan gilashi kamar rabin ƙwai. Aka kafa ta a filin bayan asibiti. Aka kafa rumfuna huɗu, manya suka shige ciki, mu kuma aka ba mu damar tsayawa a waje mu yi tafi.

Babban baƙo shi ne Mai Girma Babban Mai Yanke Ƙyalle, mutumin da ban taɓa ganin ya zo wuri babu almakashi ba, har nakan ji kamar abokin sana'a ne. An yi jawabin maraba, an yi jawabin godiya a kan jawabin maraba, an yi jawabin wakilin wanda bai samu zuwa ba. Akwai wata mata injiniya mai hular kwano, tana tsaye a gefe da takarda a hannu, ita ce za ta yi mana bayanin yadda abar ke aiki. A jerin masu magana ita ce ta goma sha bakwai. Ana kan na tara Mai Girma ya dubi agogo, ya miƙe, ya yanke ƙyalle, aka yi hoto. Sannan ya ce a kira masa mai gadin asibiti.

Baba Maigadi maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin yana gadin wurin nan, ko tsintsiya ba ta taɓa ɓata ba. Ya zo ya durƙusa.

"Tsoho, ka ga wannan?" in ji Mai Girma. "Daga ƙasar waje aka kawo ta. In aka ɗora ka a sikeli, kai da gidanka da awakinka, ba ku kai ƙafarta ɗaya ba. Ko ƙwarzane ta yi, kai za mu tambaya."

"Ranka ya daɗe, sai dai in bayan raina."

Aka ruga motoci. Injiniyar nan ta leƙo ta taga tana ɗaga hannu, tana cewa, "Baba, don Allah kada ku…" Sai direba ya ɗaga gilashi, saboda sanyin mota na fita. Iyakar bayanin da garinmu ya samu ke nan.

Washegari da azahar ina kan keke ina ɗinki, sai ga Baba Maigadi a ƙofar shago, hankalinsa a tashe.

"Tela, tashi ka zo ka taɓa Baƙuwa."

"Wace baƙuwa kuma, Baba?"

"Ta hukuma mana. Zo ka ji jikinta."

Na bi shi. Na ɗora hannu a kan akwatin, na janye ina yarfewa.

"Ka ji ko?" ya ce. "Zazzaɓi take yi. Kwana ɗaya ke nan, ina ga wata shida? Kai Tela, ka taɓa ganin an ajiye abu mai daraja a rana? Rediyo in ka bar shi a rana ya tashi aiki. Babur ana nema masa inuwa. Batir, magani, jariri, har akuya. Su kansu da suka zo jiya, wa ka ga ya tsaya a rana? Daga mu sai ita. Mantawa suka yi, sauri suke. In gilashin nan ya fashe, ni za a ɗaure."

To ku da kuke karanta wannan a ƙarƙashin fanka, ku yi dariya, na yafe. Amma ku sani, mu a garinmu karatun farko da ake koya wa ɗa shi ne gudun rana. Kowa ya haddace wace katanga ce ke ba da inuwa da hantsi, wacce ce ke karɓa bayan azahar. Masu tebur a kasuwa sau uku suke ƙaura a wuni, suna bin inuwa tana bin bango. In kana son sanin matsayinka a wurin mutumin garinmu, ba sai ka tambaya ba, ka dubi inda ya shimfiɗa maka tabarma. Ba mu taɓa jin abin da aikinsa shi ne ya zauna a rana ya ƙone ba, in ban da talaka. Don haka maganar Baba ta shige ni sarai, har na ji haushin kaina da ban riga shi tunani ba.

Na koma shago na ɗauko tef, na auna ta sama da ƙasa kamar mai shirin biki. Na samo tamfol mai kauri. Da Inna ta ji abin da ake ciki, ta shiga ɗaki ta fito da tsohon bargonta.

"Ungo, sa mata daga ciki," ta ce. "Abin da zai kawo mana sanyi ai ba a yi masa rowar bargo ba."

Kwana biyu na yi a kan rigar nan. Na sa mata zif, na yi mata hula mai rufe gilashin ruf, na bi wuyan da ado na zare ruwan gwal. Ba yabon kai ba, tun da na fara sana'a ban yi aikin da ya zauna kamar wannan ba. Mutane suka riƙa zuwa kallo, har na samu sababbin masu kawo ɗinki.

Baba kuwa ya tsara aikinsa tsaf. Da zarar rana ta fara cizo da hantsi, ya sa wa Baƙuwa riga. Sai la'asar sakaliya ya cire mata ta sha iska. Ranar da aka tashi da hadari ko gari ya lumshe, sai ya bar ta a buɗe wuni guda, tun da babu abin tsoro. Wata shida bai yi fashin kwana ɗaya ba, ko ranar da aka yi wa jikarsa suna sai da ya baro taro ya zo ya rufe ta.

Za ku ce ina hukuma take duk wannan lokaci? Tana nan, ba ta yi sakaci ba. Duk ƙarshen wata takan turo wani jami'i da muke kira Mai Biro Uku, saboda abin da ke jere a aljihunsa. Da tsakar rana yake zuwa, ba ya kashe mota. A gabansa Baba zai zuge zif, shi kuma ya jona wata 'yar waya, ya kwashe lambobi, Baba ya mayar da riga. Zuwansa na farko ya shafa adon wuyan ya ce, "Madalla da garin da ya san darajar kayan hukuma."

Sista ce kaɗai abin bai kwanta mata ba. Ta fito baranda ta ce, "Yallaɓai, abin da aka ce ya auna rana, anya ya dace a rufe shi?"

Ya dube ta ta saman tabarau. "Sista, ni sashen kwasar lambobi nake. Rufewa da buɗewa wani sashe ne daban. Ke kuma, in ban manta ba, sashen allura kike."

Sannan ya tambayi wanda ya yi ɗinkin, aka nuna ni. Ya ce in yi wa sitiyarin motarsa irinta, don duk sanda ya tsaya a garin nan na minti biyar, sitiyari ƙona masa hannu yake. Na yi masa, ya yi godiya. Mutumin kirki ne, ba ya raina aikin hannu.

To mu dawo ranar Litinin. Gab da la'asar na samu rabin jarka, na ɗingisa zuwa asibiti. Na tarar da Sista a zaune, Baba Maigadi a tsaye, rigar Baƙuwa a shimfiɗe a kan teburin awon jarirai. Ita Baƙuwar an daɗe da zuwa an ɗauke ta, Baba ya ninke rigar ya adana ko za ta dawo.

"Tela, ka san aikin wane ne wannan?" in ji Sista.

"Ko ido rufe na san ɗinkina."

"To zauna. Na nemo lambar injiniyar nan, yanzu muka gama magana. Ɗan gilashin nan da ka yi wa hula, shi ne idon na'urar. Aikinta ke nan, ta tsaya a rana ta ƙirga. Ta ce lambobin da suka iso mata sun nuna a garinmu rana takan fito da safe, ta faɗi da hantsi, ta sake fitowa da la'asar. Ta ce ranakun da muka fi samun haske su ne ranakun hadari. Ta rubuta a sake dubawa, aka ce mata an riga an buga rahoto, har an yi masa bango mai sheƙi."

Sai a lokacin na zauna. Kunya ce ta fara zuwa, sannan tsoro ya biyo ta, don fuskar Inna ce ta faɗo mini a rai tana miƙo mini bargo. Baba Maigadi ya cire hula ya zauna a ƙasa dirshan, dattijo mai furfura, yana ta cewa, "Ni na ce zazzaɓi take. Ni na faɗa." Na ce masa, "Baba, kai faɗa ka yi. Ni na sa zif."

Ranar Laraba muka saka rigar a leda, ni da shi, muka hau mota zuwa ofishin hukuma. Mun yanke shawarar mu faɗi gaskiya, mu ɗauki laifi, a sake awo. A tunaninmu na mutanen ƙauye, in ka nuna wa mutum inda kuskure yake, gyarawa zai yi.

Bayan an aika mu ɗaki huɗu, kowanne yana cewa ba sashensa ba ne, muka dace da Mai Girma Sarkin Sa-Hannu, mataimakin mataimakin shugaba. Kai, ofis ke nan! Labule a sake har ƙasa, fitilu a kunne da rana tsaka, na'urar sanyi tana huci har sai da Baba ya fara atishawa. Shi kansa mai ofishin kwat ya sa a kan rigar sanyi. A kusurwa ga firij ya fi na asibitinmu girma. Da masinja ya buɗe shi na leƙa: kwalbar lemo biyu ce a ciki da rabin kankana.

Na yi bayani tiryan-tiryan. Na fito da riga na shimfiɗa a kan tebur. Ya saurara yana juya biro.

"Malam Tela, na ji ka. Amma rahoto ya nuna ba ku da isasshiyar rana."

"Ranka ya daɗe, shi ne nake cewa mu muka rufe ta."

"Ba a rubuta haka a rahoto ba."

"To ranka ya daɗe, a daure a ɗaga labulen nan a leƙa. Tsakaninmu da nan tafiyar awa biyu ce, rana ɗaya muke sha."

Ya yi murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa mara lafiya. "Ka ga, nan ne ku mutanen gari kuke samun matsala. Akwai ranar ido, akwai ranar hukuma. Ta ido kowa na iya gani, ko mahaukaci. Ta hukuma sai da lamba da hatimi. Ni ba zan sa hannu a kan abin da na gani ta taga ba."

Baba ya matso ya durƙusa. "Yallaɓai, a dawo da Baƙuwa ko mako ɗaya ne. Wallahi ko tsirara za ta kwana ba zan kalle ta ba."

"Na'ura tana wani gari. Amma ku rubuto takardar neman sake awo, kwafi shida. Kwamiti zai zauna ya kafa ƙaramin kwamiti. In komai ya tafi daidai, za a kawo muku ita a tsakiyar damina."

"Damina, ranka ya daɗe? Lokacin da hadari…"

"Lokacin ne take da sarari."

Na tambaya, cikin ladabi, ina aka kai farantan solar da aka ware mana. Ya ce ba su ɓata ba, kada in damu. Binciken ya gano wani wuri da rana ta fi taruwa a duk yankin, kuma cikin ikon Allah wurin ya dace da rufin gidan hutun wani babba. Na ce lallai rana ma ta san manya.

Da muka miƙe sai ya dafa rigar. Ya ce wannan za ta zauna a matsayin shaida, tun da mun amsa da bakinmu cewa mun yi wa kayan hukuma shisshigi, kuma mu gode Allah shi mutum ne mai sauƙin kai. Ya juya ta, ya duba ɗinkin ciki, ya ja zif sama da ƙasa. Har mun kai ƙofa ya kira ni.

"Tela, kana yin ta firij?"

Mun iso gida da yamma muka tarar janareto, da ya yi tarinsa na ƙarshe tun daren Litinin, har lokacin bai tashi ba. Mai gyara ya buɗe cikinsa ya ce sai dai addu'a. Sista ta kira ni gefe, ta ɗaga kwalbar maganin Inna a haske, ta girgiza kai. Ta ce ta aika a nemo ƙanƙara, mai ƙanƙara ya ce shi ma ruwa yake sayarwa yanzu. Ranar Alhamis da hantsi Inna ta tashi za ta ɗebi ruwa, jiri ya kwashe ta a bakin randa, Allah ya sa matata na kusa ta tare ta. Da Sista ta auna sugan, ba ta faɗi lambar ba, cewa kawai ta yi, "Kira ƙanwarka." Ban yi musu ba, ni na buga wayar da hannuna.

Auta ta iso ranar Asabar da motar haya da sabon magani a cikin kula. Ba ta yi mini gori ba, wanda ya fi gorin ciwo. Cewa kawai ta yi, "Yaya, ina jakarta?"

Kafin a fito da kaya na shiga ɗakin Inna. Tana zaune a bakin gado, ta yi shiri, tana bin bangon ɗakin da kallo. Na durƙusa na fara kame-kame.

"Inna, akwai abin da ban faɗa miki ba. Rigar nan da na ɗinka…"

"Na ji," ta ce. "A garin nan har akwai abin da zai kwana bai zo gindin bishiyata ba? Har da bargona a ciki."

"Ki yafe mini, Inna."

Ta yi dariya, dariyar da ba ta da ƙarfi. "Tun kana rarrafe nake binka, shigo inuwa, shigo inuwa. Ashe duk cikin 'ya'yana kai ne ka ji magana fiye da kima." Ta dafa kaina. Ni da nake da 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, sai ga ni ina share ido da hannun riga.

Matan unguwa sun cika ƙofar gida, har da waɗanda ba sa ga maciji da juna, yau sun tsaya kafaɗa da kafaɗa. Azahar ta yi, ƙasa na turiri. Inna na fitowa sai ga Baba Maigadi ya taho da sauri da laima, ya buɗe a kanta zai raka ta mota. Taku goma ne kacal, amma hannunsa ba zai iya bari ba.

"Maigadi, rufe laimar nan," in ji Inna. "Bar ta ta gan ni, ko ita ta yi shaida."

Ta taka a hankali har mota, rana na dukan ta, ba ta yi sauri ba. Da ta zauna ta sa aka sauke gilashi, ta miƙo mini makullin ɗakinta.

"Kada ka bari a mayar mini da shi wurin ajiye buhuna. Kuma in sun samo ranar, ka aiko a ɗauko ni."

Na ce to.

Saboda haka ina roƙon edita ya bar mini ɗan fili a ƙasan shafin nan in yi cigiya. An nemi wata rana an rasa, a wani ƙaramin gari na arewa. Fara ce tas, takan fito ta bayan makaranta ta faɗa ta bayan mayanka, kuma ba ta taɓa fashin zuwa aiki ba, wanda wannan kaɗai ya isa a gane ba ma'aikaciyar hukuma ba ce. Duk wanda ya gan ta, ya taimaka ya kai ta ofis a buga mata hatimi. Akwai tsohuwa a hawa na uku tana jira.